Haramcin 1989 a Ghana: abin da ya rage bayan an kori 'yan mishan ɗin Mormon

A ranar 14 ga Yuni, 1989, gidan rediyon gwamnatin Ghana ya karanta sanarwar dakatar da wasu ƙungiyoyin addini guda huɗu. Biyu na cikin gida ne. Sauran biyun daga Amurka suka samo asali, wato Shaidun Jehobah da cocin da aka fi sani da Mormon, mai cikakken suna Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, wanda hedikwatarsa ke birnin Salt Lake a jihar Utah. Gwamnatin soja ta PNDC ƙarƙashin Jerry John Rawlings ta zarge su da yi wa ikon ƙasa zagon ƙasa, da halayen da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Aka ba baƙin 'yan mishan mako guda su tattara nasu ya nasu su fice, aka garƙame majami'u. Samarin Ghana da ke aikin wa'azi aka sallame su, kowa ya koma gidan iyayensa. Ba a ɗage haramcin ba sai ranar 30 ga Nuwamba, 1990, kuma har yau mabiya cocin a Ghana suna kiran wannan tsakani da sunan "daskarewa".

Duk wanda ya taɓa yawo a Accra ko Kumasi, ko Legas da Aba, ya ga irin waɗannan samari. Su biyu ne kullum, da farar riga da nektai, ga baƙin allon suna a ƙirji, suna tafe a ƙasa cikin rana. Na zaɓi lamarin Ghana ne domin da wuya a samu wani wuri da aka zare wannan tsari ɗungurungum cikin mako guda, sannan aka mayar da shi bayan shekara ɗaya da rabi. Irin wannan katsewa takan bayyana nauyin da ɗan mishan ke ɗauke da shi a zahiri, ta kuma bayyana wanda ake zaton yana kansa alhali yana kan wasu. Sai dai ba za a gane abin da aka zare ba sai an san wane ne wannan yaro, da yadda yininsa yake.

Wanda ake aikowa

Ɗan mishan ɗin Mormon ba fasto ba ne, bai yi makarantar tauhidi ba, kuma ba a biyansa albashi. Yawanci yaro ne da bai daɗe da gama sakandare ba. A Oktoban 2012 shugaban cocin na lokacin, Thomas S. Monson, ya rage shekarun tafiya, maza daga 19 zuwa 18, mata daga 21 zuwa 19. Cikin shekara biyu yawansu a duniya ya tashi daga kimanin 58,000 ya haura 85,000. Namiji yana yin wata 24, mace wata 18. Akwai kuma dattawa, mata da miji da suka yi ritaya, waɗanda ke riƙe ofis ko taimaka wa shugabannin gida.

Yaro zai cike takardu, likita ya duba shi, shugabannin majami'arsa su yi masa tambayoyi kan halinsa, sannan a aika sunansa Salt Lake. Ba shi da ta cewa kan inda za a tura shi. Ɗaya daga cikin manyan shugabanni 12 da suke kira manzanni ne ke zaɓar masa, takarda ta iso da sa hannun shugaban coci. Ɗan Idaho na iya tsintar kansa a Cape Coast, ɗan Aba a Kumasi, 'yar Kinshasa a Abidjan. Kuɗin zamansa shi da iyayensa da majami'arsa ke haɗawa. A Amurka an tsayar da adadin a kan dala 400 a wata a 2003, ya kuma daɗe a haka, ko ina aka tura yaron, domin asusu ɗaya ake zubawa a raba. Samarin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna ba da abin da ya sawwaƙa, asusun ya cike sauran.

Kafin ya fita fage yana wucewa ta makarantar horo. Babbar tana Provo a Utah. An buɗe ta Ghana a Tema a 2002, aka mayar da ita sabon gini a Accra a 2017. Wanda ya riga ya iya harshen inda za shi yana yin kamar mako 3, mai koyon sabon harshe mako 6 zuwa 9. Daga ranar da ya shiga, an ajiye sunansa na yanka. Ya zama Elda wane, ko Sista wance, har ya gama.

Yini guda

Jadawalin da aka daɗe a kansa yana farawa da ƙarfe 6:30 na safe. Addu'a, motsa jiki na rabin awa, wanka, karin kumallo. Sai awa guda yana karatu shi kaɗai a Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon, wanda Joseph Smith ya fitar a 1830, shekarar da ya kafa cocin. Bayan nan su yi karatu tare da abokin aikinsa, su tsara wa za su gani da abin da za su koya masa, mai koyon harshe ya ƙara da nasa. Ƙarfe 10:00 suna kan hanya, su dawo 9:00 na dare, a kashe fitila 10:30. A Janairun 2017 aka sassauta, aka bar kowane yanki ya daidaita da al'adar wurin, don haka a Afirka, inda mutane ke sammako kuma suke shiga gida da wuri, ana iya farawa da wuri a rufe da wuri.

Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ta abokin aiki. Ba shi ya zaɓe shi ba, kuma dole su kasance inda kowa ke ganin ɗan'uwansa yana jin muryarsa, dare da rana, in ban da banɗaki. Duk bayan mako 6 shugaban mishan, wato dattijon da ke kula da 'yan mishan na yankin, na iya canja masa aboki ko unguwa ko duka biyun. A yi tunanin yaron da bai taɓa wanki da hannu ba, an haɗa shi ɗaki ɗaya da wanda ya tashi yana ɗebo ruwa a Kinshasa, tukunyarsu ɗaya, kuɗin cefanensu ɗaya, amma ɗaya ana aiko masa ƙunshin kaya daga gida, ɗayan ko wasiƙa sai an dace. Saɓani kan yaji a miya, kan wa zai yi magana a gidan mutane, kan wa ya fi sanin Afirka, duk a nan ake yinsa a nan ake sasantawa, domin ba inda ɗaya zai je ya bar ɗaya. A ganina wannan ɗakin ya fi makarantar horo koya wa yaron abin da zai amfane shi, kuma cocin ya san haka.

A waje, tafiyar ƙasa ce ko keke ko motar haya da ake kira tirotiro. Yara na bin Bature suna kiran "obroni". Ya koyi cewa ba a shiga gida sai an gaida babba, ba a miƙa abu da hagu, ba a ƙin ruwan da aka kawo wa baƙo ba tare da uzuri ba. A kudancin Ghana samun mai saurare ba shi da wuya, domin mutane na son hirar addini. Takwaransa da aka tura Faransa ko Jamus na iya shafe watanni ana rufe masa ƙofa, shi kuwa a nan benci za a jawo masa a inuwa. Darasin bai cika wuce rabin awa ba. Zai ba da labarin wahayin da Joseph Smith ya ce ya gani a 1820, ya bar wa mutum littafi da shafin da zai karanta, ya roƙe shi ya yi addu'a a kai, ya gayyace shi majami'a ranar Lahadi. Kafin 2004 darussa shida ne da ake kusan haddacewa. Daga shekarar aka ba su sabon littafin jagora da ya ce su yi bayani da kalmominsu.

Wahalar tana zuwa daga baya. Zuwa majami'a na nufin kuɗin mota, ga mai sayar da abinci kuma asarar cinikin safiya. Wanda ya saba da ganga da rawa a cocin Fentikos zai tarar da sujada shiru, waƙoƙin yabo da fiyano, masu wa'azi kuma talakawan majami'a ne da aka ba su aiki a makon. Mai son baftisma zai bar giya da taba da kofi da shayin ganye, ya yarda da ba da ushirin abin da yake samu. Sai babbar magana, aure. Mutane da yawa suna zaune da iyali, har da 'ya'ya, amma ba a kammala al'adun aure ba saboda tsadar kayan da dangin mace ke nema, kuma cocin ba ya yi wa irin waɗannan baftisma sai an ɗaura. Sai ka ga yaro ɗan shekara 19, wanda ko zance an hana shi, yana lallashin magidanci sa'an mahaifinsa ya je ya ga surukai. Mai mata biyu kuwa ba a karɓarsa, domin cocin da ya yi suna da auren mata da yawa a ƙarni na 19 ya sanar da barinsa a 1890. Wannan ya fi damuna a duk aikin. Hukunci ne da ke iya taɓa makomar mace da 'ya'yanta, wanda ke isar da shi kuma wataƙila nan da mako 6 yana wani gari.

Duk mako akwai rahoto. Mutum nawa sababbi aka fara koya wa, nawa suka zo majami'a, nawa aka sa wa ranar baftisma, nawa aka yi wa. Alƙaluman na hawa daga shugaban ƙaramin rukuni zuwa na shiyya, su ma samari ne, har zuwa shugaban mishan, dattijon da ke riƙe da aikin na shekara 3 tare da matarsa. Ƙidaya tana hana lalaci, amma tana da illa da kowa zai iya hasashe. Yaron da ake auna ƙoƙarinsa da lamba yana iya gaggauta mutumin da bai shirya ba, a yi baftisma, bayan wata biyu a neme shi a rasa.

Jikinsa ma yana biyan nasa. Ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, tataccen ruwa, zafin ɗaki idan an ɗauke wuta. Ya saba da fufu da banku da kenkey, da safe kuma ya bi layin waakye wurin matan zango. Litinin ce ranar hutunsa, ita ma zuwa ƙarfe 6:00 na yamma kawai, a cikinta zai yi wanki da cefane da aski da saƙon gida. Har zuwa Fabrairun 2019 sau biyu kacal a shekara yake jin muryar mahaifiyarsa a waya, ranar Kirsimeti da ranar tunawa da iyaye mata. Yanzu an yarda ya kira duk mako.

Hanyarsa takan ratsa unguwannin Musulmi, kamar Nima a Accra ko zangon Kumasi, inda zai ji Hausa ta ko'ina. A wurare da yawa umurnin da ake ba su shi ne kada su ɗauki Musulmi a darasi sai da sanin shugaban mishan. A Fabrairun 1978 shugabannin cocin sun fitar da sanarwa da ta ambaci Annabi Muhammad (SAW) cikin manyan jagororin addini da ta ce Allah ya ba su wani rabo na haske, a 2022 kuma suka fitar da ɗan littafi kan fahimtar juna da Musulmi. Wannan bai kai matsayin da Musulmi ya ba Annabinsa ba, amma ya bayyana dalilin da ya sa mu'amalarsu da mutanen zango ta fi yawa a gaisuwa da ciniki.

Sauran abin da aka hana shi sun haɗa da iyo, talabijin, kiɗan duniya, maganar siyasa da bin labarai. Wannan na ƙarshe yana da alaƙa kai tsaye da abin da ya faru a 1989.

Kafin baƙo ya iso

Ba 'yan mishan ne suka kawo wannan addini Ghana ba. A 1964 wani ma'aikaci mai suna Joseph William Billy Johnson ya samu Littafin Mormon daga hannun R. A. F. Mensah, ya karanta ya gamsu, ya shiga wa'azi a titi. Ya kafa ikilisiyoyi a Cape Coast da kewaye da sunan cocin, ya yi ta rubuta wa Salt Lake wasiƙu a aiko masu baftisma. Amsar da yake samu ita ce ya yi haƙuri ya jira, kuma ya jira har shekara 14.

Dalilin jiran abin kunya ne. Tun zamanin Brigham Young, magajin Joseph Smith, a tsakiyar ƙarni na 19, cocin ya hana baƙar fata matsayin firist, ya kuma hana maza da matansu manyan ibadun haikali, wato keɓaɓɓen ginin ibada da ya bambanta da majami'a. A wannan coci babu fasto mai albashi, kowane namiji mai kiyaye dokoki ne ake naɗawa firist, shi ke baftisma, shi ke sa wa jibin Ubangiji (burodi da abin sha na ibadar Lahadi) albarka, shi ke shugabanci. Inda aka hana dukkan mazan gari wannan matsayi, ba yadda majami'a za ta tsaya. An gwada a Nijeriya, inda aka aiko LaMar Williams a 1961, amma da labarin wariyar ya fito a jarida gwamnati ta hana biza, shirin ya wargaje.

A Yunin 1978 shugaba Spencer W. Kimball ya sanar da ɗage hanin. Johnson a rediyon BBC ya ji. Kafin shekarar ta ƙare aka aiko dattawa ma'aurata, Rendell da Rachel Mabey, da Edwin da Janath Cannon. Sun yi wa Anthony Obinna, wanda shi ma ya daɗe yana jira, baftisma a Nijeriya ranar 21 ga Nuwamba, a Disamba kuma suka yi wa Johnson da jama'arsa a bakin teku a Cape Coast. Girbi suka zo yi a gonar da wani ya nome. Sun kuma zo da tsari, kuma tsarin ya ci wasu abubuwa. An ajiye ganga da tafi, matan da ke jagorantar wasu ikilisiyoyi suka sauka. Zuwa 1989 mabiya sun kai dubbai, Ghana ta samu mishan nata tun 1985, ga sababbin gine-gine ga motoci. Baƙin da ke ƙasar a lokacin yawanci dattawa ne, samarin da ke bin gida-gida kuwa mafi yawansu 'yan ƙasa ne.

Daga ina zargin ya fito

Gwamnatin Rawlings tana da dalilin kallon Ba'amurke da ido biyu. A 1985 aka gano cewa wata ma'aikaciyar hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA a Accra, Sharon Scranage, ta ba wa Michael Soussoudis, ɗan'uwan Rawlings, sunayen 'yan Ghana da ke yi wa hukumar aiki. An kama mutane, daga baya aka yi musayar fursunoni tsakanin ƙasashen biyu. Wato leƙen asiri a Ghana ta wancan lokaci ba tatsuniya ba ne. Ƙasar kuma ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 1983 ba, shekarar da Nijeriya ta koro 'yan Ghana kusan miliyan guda, ga matakan tsuke bakin aljihu na IMF. Cocin da ke gina majami'u masu kyau da kuɗin waje a irin wannan hali dole ya jawo tambaya, daga gwamnati da kuma daga wasu coci-coci da ke ganin mabiyansu na zarewa.

Sai a dubi yinin ɗan mishan da idon jami'in tsaro. Mutane ne masu sutura iri ɗaya, an raba musu gari unguwa-unguwa da taswira, suna rubuta sunayen mutane da adireshinsu, suna aika rahoto duk mako zuwa sama har ya kai Amurka, ana canja musu wuri lokaci-lokaci. Abin da cocin ke gani kyakkyawan tsari ne, wanda ke waje zai iya karanta shi wani iri. A kan wannan aka ɗora tarihin wariya, wanda shekara 11 kacal da barinsa, a ƙasar Kwame Nkrumah da ke alfahari da martabar baƙar fata. A shekarar ce kuma gwamnati ta kafa doka mai lamba 221 da ta tilasta wa kowace ƙungiyar addini yin rajista, dokar da bishop-bishop na Katolika da Majalisar Kiristocin Ghana suka ƙi bi. Don haka rikicin ya fi Mormon faɗi, su dai sun fi sauƙin kamawa ne.

Ban yarda haramcin ya yi daidai ba. Rufe wa mutane wurin ibada da sanarwar rediyo zalunci ne, ko da wa aka yi wa. Amma dokar da ta hana ɗan mishan bin labarai tana da nata laifin. An yi ta ne don zuciyarsa ta tattaru a kan aiki, sai ta mayar da shi mutumin da ya fi kowa yawo a gari kuma ya fi kowa rashin sanin abin da garin ke faɗa a kansa.

Kusan wata 18

Da baƙi suka tafi, aka ɗora riƙon mishan a kan Dokta Emmanuel Abu Kissi, likitan tiyata da ya shiga cocin a Ingila a 1979 ya dawo gida ya buɗe asibiti a Accra. Shawarar da aka yanke ita ce a bi doka. Cikin shika-shikan imaninsu 13 akwai wanda ya wajabta biyayya ga mahukunta, kuma a kansa suka tsaya. Ba zanga-zanga, ba fasa ƙofar majami'a. Wa'azin titi ya tsaya cak.

Ibada ta koma cikin gida. Ranar Lahadi magidanci zai tara iyalinsa, a rera waƙa a hankali, ya sa wa burodi da ruwa albarka, domin su da ruwa suke jibin Ubangiji, wani ya karanta nassi ya yi bayani. Gidan da babu namiji mai matsayin firist, maƙwabta kan leƙo. Cocin dama yana da tsarin da ake raba wa maza da mata gidajen da za su riƙa ziyarta bibbiyu, wannan tsari ya zama hanyar da saƙo ke zagawa, a san wa ke ciwo, wa ya rasa aiki, wa ya karaya. Samarin da aka sallama daga mishan sun koma unguwanninsu da abin da suka iya, koyarwa da ziyara. An tsare wasu mabiya na ɗan lokaci, wasu sun sha gori a wurin aiki da makaranta.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan ya yiwu ne saboda sauyin 1978. Da a ce haramcin ya zo kafin a fara naɗa 'yan Ghana firistoci, da tafiyar baƙi ta zama ƙarshen ibadar da cocin ya amince da ita a ƙasar. Abin da ya riƙe su shi ne ikon da aka daɗe ana hana su.

Ba kowa ya tsaya ba. Wasu sun koma tsofaffin coci-cocinsu, wasu sun watse. Hankali zai ba da cewa mafi rauni su ne sababbin shiga, waɗanda duk alaƙarsu da cocin ba ta wuce samari biyu da ke zuwa musu sau biyu a mako ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ɗan mishan yana iya buɗe magana, ya kai mutum bakin ruwan baftisma, amma ba shi zai je sunan ɗansa ko jana'izar mahaifinsa ba. Wanda ya samu aboki a cikin majami'a kafin ƙofa ta rufu yana da wanda zai ƙwanƙwasa masa. Wanda bai samu ba, shiru ya ji.

Bayan an buɗe

Da gwamnati ta ɗage haramcin, ta ce ta gamsu cewa cocin na koya wa mabiyansa biyayya ga dokar ƙasa da zaman lafiya tsakanin jinsuna. A Afrilun 1991, wata biyar kacal bayan haka, aka kafa manyan gundumomin coci biyu na farko a Ghana, ɗaya a Accra ɗaya a Cape Coast. A tsarinsu ba a kafa irin wannan gunduma sai wuri ya samu isassun shugabanni na gida da za su riƙe shi ba tare da mishan ba. Kundin tsarin mulki na 1992 ya tabbatar da 'yancin addini. A Fabrairun 1998 shugaba Gordon B. Hinckley ya zo Accra, ya gana da Rawlings, wanda a lokacin zaɓaɓɓen shugaba ne, ya sanar da gina haikali. An keɓe shi ranar 11 ga Janairu, 2004, na Aba a Nijeriya ya biyo baya a 2005. Mabiya a Ghana yanzu sun haura 100,000.

An sake kwashe baƙi a yankin bayan wannan, ko da yake ba siyasa ce ta jawo ba. A Agustan 2014 cutar Ebola ta sa aka fitar da 'yan mishan 274 daga Saliyo da Laberiya. A Maris 2020 korona ta sa aka mayar da dubbai ƙasashensu, majami'u suka rufe a duniya baki ɗaya, jibin Ubangiji ya sake komawa ɗakunan mutane. Dattawan Ghana sun riga sun san yadda ake yi.

Akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba. A Disambar 2013 cocin ya wallafa bayani da ya nesanta kansa daga tsofaffin hujjojin wariya, irin cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Wannan mataki ne mai kyau. Sai dai tarihin hanin ba ya cikin darussan da ɗan mishan ke koyarwa kafin baftisma, don haka mutum na iya shiga ya shekara kafin ya ci karo da shi a intanet ko a bakin mai gori. Wanda ake nema ya bar cocin iyayensa, ya gyara aurensa, ya ba da ushirin guminsa, ya cancanci ya ji wannan labari daga bakin wanda ya gayyace shi, tare da labarin Johnson da shekarunsa 14 na jira.

Fuskar ɗan mishan a Ghana ma ta canja. Makarantar horo ta Accra tana koyarwa da Turanci da Faransanci, kuma mafi yawan ɗalibanta 'yan Afirka ne. Baƙon da ke ƙwanƙwasa ƙofa a Kumasi yau yana iya zama ɗan Nijeriya ko Kwango ko Kwaddibuwa, wanda shi ma fufu da harshen Twi sababbi ne a wurinsa. Matsalarsa ta bambanta da ta abokin ɗakinsa ɗan Utah a ranar komawa gida. Wancan jami'a na jiransa, shi kuwa sa'o'insa sun wuce shi da shekara biyu a karatu ko sana'a. Saboda irinsa ne Hinckley ya kafa asusun rancen karatu a 2001, wanda matashi ke karɓa ya koyi sana'a, ya biya a hankali don a ba na baya. Daga cikin waɗannan da suka dawo ake yawan zaɓar bishop-bishop, wato shugabannin majami'u, da shugabannin gunduma, aikin da suke yi ba albashi, bayan sun tashi daga wurin neman abincinsu.